Hawan Jini da Ƙananan Ɗabi'un da Ke Riƙe Lafiyar Zuciya

Assalamu alaikum, masu kallo. Abin da kuke gani a gabanku ƙaramin cokalin shayi ne da aka zuba wa gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa duk gishirin da baligi zai ci daga safiya zuwa kwanciyar barci kada ya kai gram 5, wato bai ma cika wannan cokalin ba. Lissafin bai tsaya kan wanda aka barbaɗa a tukunya ba, ya haɗa da wanda ke cikin burodi, da dunƙulen miya, da yajin tsire, da kilishi, da taliyar leda. Ƙididdigar hukumar ta nuna cewa abin da yawancin mutanen duniya ke ci ya ninka wannan adadi har ya ɗan haura.

Dalilin da ya sa likitoci suka damu da gishiri shi ne sinadarin sodiyam da ke cikinsa. Idan ya yi yawa a jiki yakan riƙe ruwa, jinin da ke zagayawa ya ƙaru, zuciya ta riƙa turo shi da ƙarfin da ya wuce kima, kuma idan aka ɗauki shekaru a haka sai jijiyoyin jini su yi tauri, naman zuciya ya yi kauri, ƙoda ta fara gazawa, wata rana kuma a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ya ce kusan baligi ɗaya cikin uku a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna ɗauke da shi ba. Wannan rashin sani shi ne babban haɗarin, domin da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa muddin babu ciwon kai, babu jiri, to jini lafiya lau yake. Hawan jini yakan shekara goma a jikin mutum bai nuna wata alama ba. Abin da ke tabbatar da shi shi ne awo, idan an auna a ranaku biyu daban-daban aka samu, a cikin lambobi biyun da na'urar awon jini ke nunawa, lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90.

Mun san yadda abin yake kasancewa idan likita ya faɗa wa magidanci cewa jininsa ya hau, ko kuma ya je dubiya ya tarar da abokinsa na ƙuruciya kwance ba ya iya ɗaga hannu. A ranar zai dawo gida ya hana sa gishiri a abincinsa kwata-kwata, ya daina shan lemon kwalba, ya sayi takalmin gudu, ya yi alwashin zagaya filin ƙwallo kowace asuba. Kafin wata ya ƙare takalmin yana ƙarƙashin gado, miya ta koma yadda take, shi kuma ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da juriya. A ganina bai kamata ya zargi kansa ba. Niyyarsa mai kyau ce, hanyar da ya bi ce ba ta dace da yadda ɗabi'a ke kafuwa a jikin ɗan Adam ba.

Ɗabi'a aiki ne da mutum ya maimaita a yanayi iri ɗaya har ƙwaƙwalwarsa ta ɗaure aikin da yanayin, ta yadda da zarar yanayin ya zo zai aikata ba tare da ya yi shawara da kansa ba. Kamar turbar da ke ratsa gona ce, ba wanda ya share ta a rana ɗaya, sawun da ke bi kullum ne ya fitar da ita. Wata mai bincike a wata jami'a da ke Landan, Phillippa Lally, ta bibiyi mutum 96 na tsawon mako 12, kowannensu ya zaɓi ƙaramin aiki guda da zai riƙa yi kullum, kamar shan ruwa lokacin cin abincin rana ko ɗan gudu kafin cin abincin dare. Sakamakon da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa matsakaicin lokacin da aikin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, amma tazarar da ke tsakanin mutane tana da faɗi ƙwarai, daga kwana 18 har zuwa kwana 254. Saboda haka maganar da ake yawan yaɗawa cewa kwana 21 sun isa a kafa kowace ɗabi'a ba ta da tushe mai ƙarfi, kuma wanda ya yi wata biyu yana fama bai kamata ya karaya ba. Akwai wani abu a binciken da ya fi kwantar da hankali: tsallake rana ɗaya bai rushe abin da aka gina ba.

Wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya nuna cewa wanda ya ƙayyade lokaci da wurin da zai yi abu ya fi cika alkawarinsa a kan wanda ya tsaya ga niyya kawai. Cewa "zan riƙa motsa jiki" buri ne, amma cewa "idan na fito daga masallaci bayan la'asar zan zagaya ta bayan makarantar firamare kafin in shiga gida" shiri ne. A nan al'ummarmu tana da wata dama da ba kowa ke da ita ba, domin yinin Musulmi a yanke yake gida biyar, kuma kowace salla tana zuwa a lokacinta ko mutum yana cikin nishaɗi ko ba ya ciki. Wanda ya rataya sabuwar ɗabi'a a jikin salla ba ya buƙatar agogo ya tuna masa. Wanda ba Musulmi ba kuma yana da nasa abubuwan da ba sa tashi, kamar addu'ar safe, ko buɗe shago, ko raka yara makaranta. Ma'anar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tunda a hadisin da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Bari mu koma madafi, inda mafi yawan aikin yake. Ku lura da hannun uwargida a wannan tukunyar miyar kuka: ta zuba gishiri, ta murmushe dunƙule uku, ta ƙara farin magi, ta jefa 'yar kanwa. Duk huɗun nan suna ɗauke da sodiyam, kuma shi dunƙulen kusan rabin nauyinsa gishiri ne, ga shi kuma idan an kai abinci gaban maigida akwai yaji a gefe wanda shi ma an daka shi da gishiri da dunƙule. Idan aka cire duka a rana ɗaya, miya za ta yi lami, yara su ture kwano, maigida ya yi ƙorafi, washegari a koma gidan jiya. Amma harshe yana sabawa. Idan aka rage kaɗan, aka tsaya a haka na makonni, ɗanɗanon mutum yakan daidaita da sabon ma'aunin har tsohuwar miyar ta koma yi masa zartsi.

An gwada wannan a kan ƙasa guda. A Birtaniya, daga farkon shekarun 2000, hukumomi sun shawo kan kamfanonin burodi da na abincin gwangwani su riƙa rage gishiri sannu a hankali ba tare da sun canza kamannin kayansu ba, kuma gishirin da baligi ke ci a Ingila ya sauka daga kimanin gram 9.5 a rana a 2003 zuwa gram 8.1 a 2011, alhali yawancin masu saye ba su lura an taɓa komai ba. Uwargida za ta iya yin irin wannan a tukunyarta. A makonni biyun farko dunƙule uku su koma biyu da rabi, bayan nan su koma biyu, a daina ɗibar gishiri da yatsu a koma aunawa da cokali domin a san abin da ake ragewa. Gurbin da aka bari kuma a cike shi da abin da kakanninmu suka yi girki da shi kafin zuwan dunƙule, wato daddawa mai kyau, da albasa, da citta, da tafarnuwa, da masoro, da kimba, da busasshen kifi. Ina roƙon magidanta da su ba da haɗin kai a nan, domin babu matar da za ta ci gaba da rage gishiri idan kowane dare sai an ce mata girkinta ya lalace. Ya kamata shawarar ta zama ta gida gaba ɗaya, a kuma dafa tukunya ɗaya, maimakon a ware wa mai hawan jini ɗan kwanonsa kamar wanda ake hukuntawa, tunda yaran da suka tashi da harshen da bai saba da gishiri mai yawa ba su ne za su fi cin ribar abin nan gaba.

Sukari ma haka dokarsa take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin gram 50 a rana ga baligi, kusan ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi alheri. Babbar robar lemo ɗaya tana iya cinye wannan kason duka, kuma zoɓo da kunun aya na gida ba su tsira ba idan an cika musu sukari. Wanda ya saba mai shayi ya zuba masa cokali huɗu, ya ce a sa uku, ya zauna a haka har ya daina jin bambanci.

Sai tafiya a ƙasa, wadda babur da adaidaita sahu suka raba mutanen birni da ita, har ta kai mutum yana hawa abin hawa zuwa inda yake hango rufinsa. Ƙa'idar da hukumar ta sabunta a 2020 ita ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, kuma kowane ɗan motsi yana shiga lissafi komai gajartarsa. Matsakaici yana nufin tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan ƙaru, mutum yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Minti goma bayan asuba, goma bayan la'asar, goma bayan isha'i, sun ba da minti 210 a mako ba tare da an sayi komai ba, kuma lokuta ne da rana ba ta da zafi. Kada kuma adadin taku 10,000 da wayoyi ke nunawa ya tsorata kowa, domin asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a shekarun 1960. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Harvard kan tsofaffin mata sama da 16,000, wanda ya fito a 2019, ya gano cewa masu yin taku kusan 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 tsawon rai, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500. Matan da ba sa yawan fita ba a bar su a baya ba: shara, da daka, da ɗibar ruwa duk motsa jiki ne, kuma kewaya tsakar gida na minti goma bayan cin tuwon dare yana taimaka wa jiki wajen sarrafa sukarin da ke cikin jini.

Barci shi ne abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Baligi yana buƙatar aƙalla awa 7, kuma wanda zai tashi asuba amma yana riƙe da waya har ƙarfe ɗaya na dare ba zai samu ko awa biyar ba, alhali ƙarancin barci na tsawon lokaci yana da alaƙa da hauhawar jini da ƙiba. Goro da shayi da gahawa suna da sinadarin kafin, wanda rabinsa yakan kasance a jini bayan kimanin awa biyar, don haka goron da aka ci bayan magariba yana nan yana aiki a lokacin kwanciya. Ɗabi'a ɗaya ta wadatar a nan, wato a ajiye waya a wurin caji nesa da shimfiɗa bayan an gama shirin kwanciya.

Kada a ɗauki duk waɗannan a lokaci ɗaya. A zaɓi guda, wadda ta fi sauƙi, a riƙe ta har sai ranar da aka bar ta an ji kamar an manta wani abu, sannan a ɗora ta biyu. Za a yi biki a ci abin da aka ci, za a yi tafiya, za a yi rashin lafiya, watan azumi zai zo ya sauya lokutan komai. Idan haka ta faru, a koma kan ɗabi'ar a rana ta gaba ba tare da an ce sai farkon wata ko bayan salla ba.

Akwai kuma iyakar da ya wajaba a faɗa a fili. Waɗannan ɗabi'u suna rage haɗari, suna kuma taimaka wa magani ya yi aiki, amma ba sa maye gurbinsa. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini kada ya daina sha don ya ga awo ya sauka, domin saukar alama ce ta cewa maganin yana aiki, kuma shan ƙwayar ita ma ɗabi'a ce da za a iya ɗaurawa a jikin sallar asuba. Mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, da wanda ke jin ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi idan ya yi tafiya, su fara ganin likita kafin su sauya abinci ko su ƙara motsa jiki. Wanda kuma bai taɓa auna jininsa ba, ya tsaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko kantin magani a wannan makon, ya zauna ya huta na minti biyar kafin a ɗaura masa na'urar, ya rubuta lambobin biyu da kwanan wata a takarda, sannan ya koma a sake aunawa a wata rana dabam.