Darasin awon ido kafin aikin yana: kada ka danna sanda, zurfin ɗakin gaba zai tona maka asiri

To, assalamu alaikum abokan aiki. Yau awon ido za mu yi wa Baba kafin a cire masa yana, don a san ƙarfin lens ɗin roba da za a sa masa a madadin nasa. Baba, a jingina da kyau, a kalli wancan jan ɗigon na bango, kada a bi hannuna.

Na riga na auna lanƙwasar koniya, wato fatar nan mai kama da gilashi ta gaban ido, ta ba ni dayofta 43.5 da 44 (dayofta shi ne ma'aunin ƙarfin lens). Wannan shi ake fara yi kafin komai ya taɓa idon, kun sani. Maganin kashe zafi ma na ɗiga, ba sai na nuna ba.

Wasu za su ce me ya hana ni amfani da IOLMaster, na'urar da ke auna tsawon ido da haske, mu huta? Na gwada. Yanar Baba ta nuna, ta yi fari fat, haske ba ya ratsa ta. Na'urar nan tun 1999 take kasuwa, aikinta ba laifi, amma idan yana ta toshe hanya sai dai a koma wa sauti, wato A-scan.

Ku duba allo kafin ku ɗauki sanda, wato 'yar sandar A-scan mai aika sauti cikin ido. Idon da lens ɗinsa na asali ke ciki, sauti na gudun mita 1532 a daƙiƙa cikin ruwan ido, 1641 cikin lens. Au, dakata, na'urar tana kan saitin wanda aka auna kafin Baba, mai man silikon a ido. Bari in mayar. Sauti a cikin man nan yana tafiyar hawainiya, idan saiti ya saɓa, tsawon da za ka samu shirme ne.

Yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne. Kan sandar ya sumbaci koniya kawai, ya taɓa, kada ya lotsa ta. Ku ga hannuna, na ɗora ƙaramin yatsa a kuncin Baba don kada ya yi rawa. Ga tsinayen amsa-kuwwar sauti sun fito a allo: koniya, gaban lens, bayan lens, sai ratina, wato bangon bayan ido. Na ratina ya miƙe tsaye cak. In ya yi kamar matakalar bene, ba ka kan tsakiyar ido, ka sake.

Tsakanin tsinin farko da na biyu, shi ne zurfin ɗakin gaba, wato filin da ke tsakanin koniya da lens. Ku karanta: milimita 2.61. Yanzu zan ɗan danna da gangan, kaɗan, Baba ba zai ma ji ba. Kun gani? Ya koma 2.40. Tsawon idon ma ya sauko daga 23.30 zuwa 23.09. Ni na matse shi da hannuna. Kuskuren milimita 1 a tsawon ido yana jawo kusan dayofta 2.5 zuwa 3 a sakamako. To wannan 'yar dannawar kaɗai ta wuce rabin dayofta. Likita zai sa lens mai ƙarfi fiye da kima, a gama aiki lafiya lau, mutum ya dawo yana cewa nesa dishi-dishi yake gani.

Saboda haka idan na'ura ta jera muku awo goma, kada ku karɓi matsakaicin da ta ba ku ido rufe. Ku bi layin zurfin ɗakin. Duk awon da zurfinsa ya gaza na sauran, a nan aka danna, ku goge shi. Mafi zurfi shi ya fi kusa da gaskiya. Ni dai in son raina ne, ɗan kofin nan na Prager da ake cikawa da ruwan gishiri, sandar ba ta taɓa ido sam, shi zan ce kowa ya nema. Ba ya cin wuri, kuma rigimar dannawa ta ƙare.

To 2.61 ɗin me yake gaya mana? Masu shekarun yana galibi wajen milimita 3 suke. Lens ba ya daina girma, yana ƙara kauri yana turo gaba, ɗakin na ƙara ƙuncewa. Na Baba kaurinsa 4.9. Da zurfin ya gaza 2.5, sai in ja layi ƙarƙashinsa da jan biro, likita ya duba kusurwar ɗakin, inda ruwan ido ke fita, kafin a ɗiga maganin buɗe ido, domin ƙofar fitar ruwa na iya rufewa, matsin ido ya haura. Shi ma likitan ya san wurin da zai yi aiki a ciki ya matse, dole ya kiyaye bayan koniya.

Wajen lissafin ƙarfin lens, dabarar SRK/T ba ta tambayar zurfin da ka auna, hasashe take daga tsawo da lanƙwasa. Dabarun Haigis da Barrett suna ɗaukarsa, shi ya sa a gajeren ido na fi natsuwa da su.

Saura ɗaya idon, ko da ba shi za a yi wa aiki ba. In tsawonsu ya bambanta da fiye da milimita 0.3, a maimaita duka biyun. Baba, sannu da haƙuri, a ƙifta sau biyu, sai a sake kallon jan ɗigon.