Tiyatar Zuciya: A Tsayar Da Ita Ko A Ɗinka Tana Bugawa?

Habu: Assalamu alaikum masu sauraro, daga Kura muke zuwa muku, ana tsakiyar ban ruwan shinkafa. Ina tare da Anti Zainab, ma'aikaciyar jinya. Anti, kawuna ne aka ce jijiyoyin zuciyarsa uku sun toshe, sai an yi masa tiyata. Tun shekaranjiya ba mai runtsawa a gidan.

Zainab: Allah ya ba shi lafiya. Ka san idan hanyar ruwa ta cushe a gona, sai ka haƙa wata ta kewaye wurin. To haka aikin yake. A ciro jijiya daga ƙafa ko cikin ƙirji, a ɗinka ta, jini ya tsallake inda ya toshe. Ko dai a tsayar da zuciyar, na'ura ta karɓi aikinta da na huhu, ko a ɗinka tana bugawa.

Habu: A tsayar da ita? Innalillahi! Ni dai ta biyun zan zaɓar masa.

Zainab: Kada ka yi garaje, Habu. A 2009 an fitar da binciken ROOBY kan tsofaffin sojojin Amurka 2,203. Waɗanda aka ɗinka musu tana bugawa, sababbin jijiyoyinsu sun fi saurin toshewa. Bayan shekara biyar kusan kashi 15 cikin ɗari sun rasu, a ɗaya ɓangaren kashi 12.

Habu: Ashe na'urar ce ta fi.

Zainab: Tsaya tukuna. Binciken CORONARY na 2012 ya duba mutum 4,752 a ƙasashe 19, kuma likitocin da hannunsu ya faɗa kawai aka ɗauka. Bayan shekara biyar babu wani bambancin kirki. Masu zuciya na bugawa ma ba su buƙaci ƙarin jini sosai ba, ƙodarsu ta fi tsira a watan farko bayan aikin.

Habu: Kenan maganar ta koma kan hannun mai ɗinkin.

Zainab: Da kuma jijiyar da ya ɗauko. Ta cikin ƙirji, sama da tara cikin goma suna nan a buɗe bayan shekara goma. Ta ƙafa ba ta kai haka ba. Idan kun je, ku tambayi likitan wace hanya ya fi sabawa da ita, mutum nawa ya yi wa, kuma wace jijiya zai saka.

Habu: Kawu ba zai iya tambayar likita haka ba, kunya za ta hana shi.

Zainab: Kai za ka raka shi ai. Miƙo biron nan in rubuta maka.