Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista daga Kwamitin Ɗakin Gwajin Zaren Gilashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, shugabannin jami'a, iyayenmu sarakuna, malamai da ɗalibai. Ranka ya daɗe, barka da sauka. Ba sai mun tsaya lissafa ayyukanka ba, kowa a zauren nan ya san su, kuma tattakin da ka yi har ɗakin gwajinmu ya ishe mu alfahari. Tun da farko za mu faɗi abin da ke ranmu: injin karanta haske guda ɗaya muke roƙo.

Aikinmu auna laima ne a wuraren da tururin nukiliya ya yi yawa. A cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janiba na ƙasar Switzerland, inda aka shimfiɗa zoben bincike mai tsawon kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, ana sanyaya na'urorin awo na silikon har su fi ƙanƙara sanyi, don rage ɓarnar da tururin ke musu. Laima kaɗan ta shiga, sai ta zama raɓa, raɓa ta daskare a kan wayoyi. Ma'aunan laima na lantarki kuwa tururin yana gurgunta su, gyara kuma sai an tsayar da komai. Shi ya sa masana a can, da takwarorinsu na Italiya, suka koma ga zaren gilashi, irin wanda ke ɗauko mana intanet.

Ga shi nan a faranti gabanka. Kaurinsa bai wuce silin gashi da yawa ba. Ana yi masa zane-zane ƙanana a ciki, a shafe bayansa da wata roba mai shan laima. Idan robar ta kumbura sai ta ja zaren, launin hasken da ke dawowa ya ɗan gusa, daga nan a lissafa laimar. Zafi ma yana gusar da shi, saboda haka ake haɗa shi da na biyu wanda ba a shafa wa robar ba. Ba ya ɗauke da lantarki, maganaɗisu bai dame shi ba, kuma zare ɗaya yana ɗaukar ma'aunai da yawa. Amma ido ba ya ganin wannan gusawa, ranka ya daɗe. Sai injin.

Mu ba baƙi ba ne a wannan fage. A Zariya injin nukiliya na bincike na ƙasar nan yake, yana aiki tun 2004, kuma a 2018 aka sauya masa makamashi zuwa yuraniyom da ba a tace shi sosai ba, aka mayar da tsohon makamashin zuwa ƙasar Sin lami lafiya. Hunturunmu yana busar da iska har leɓe ya tsage, damina ta jiƙa ta sharkaf. Yanayin da wasu ke kashe kuɗi su ƙirƙira a akwati, mu Allah ya ba mu kyauta. Duk da haka, ɗalibanmu sukan shafa robar, su jera zaren a kwali, su jira wanda zai yi tafiya ya kai wani wuri a auna musu. Wani zaren a mota yake karyewa. Baƙi sun zo kafin kai, sun ɗauki hoto da wannan farantin, sun ce za mu ji daga gare su. Har yau muna saurare.

Muna da matsalar wuta, rufin ɗakin ma yana yoyo, amma ba za mu cika ka da koke ba. Injin nan dai, ranka ya daɗe. Mun rubuta irinsa da bayaninsa a takardar da shugaban kwamiti zai miƙa maka yanzu, har teburin da zai zauna mun share.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya.