Fodkas: Addu'ar Safe a Makarantar Gwamnati

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, daga Birnin Kebbi muke zuwa muku. Malam Sani ya zo da ƙorafi yau, ga kuma Yaya Bulus da ya taso daga Zuru.

Malam Sani: Ƙorafin na ƙanwata ne. Ɗanta yana firamare a wata makarantar gwamnati, ya dawo gida yana rera waƙar coci, wai da ita suke buɗe taron safe kafin a shiga aji. Hankalinta ya tashi ƙwarai.

Bulus: Gaskiyarta ce, Malam. Ni ma ina aji huɗu na haddace Fatiha, domin ba mu da malamin CRK, wato darasin addinin Kirista. Da an kaɗa ƙararrawa, ko mu zauna ajin IRK na addinin Musulunci, ko mu fita ƙarƙashin mangwaro iskar hunturu na kaɗa mu. Sai mu zauna. Mahaifina bai taɓa sani ba.

Hadiza: To ai nan gizo ke saƙa, Yaya. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karatu ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Iyaye nawa suka san wannan?

Malam Sani: Kun tuna hayaniyar 2017, da aka cusa IRK da CRK cikin darasi ɗaya da ilimin zama ɗan ƙasa? Musulmi da Kirista duk suka ƙi, gwamnatin tarayya ta raba su. An raba a takarda, amma makarantar ƙauye mai malami biyu, wa zai koyar?

Bulus: Haka hutun azumin 2025, da Kebbi da Katsina da Kano da Bauchi suka rufe makarantu kusan mako biyar, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi ta kuka. Abin da ya fi ci mini rai, ba a zauna da iyayenmu na Zuru ba tukuna.

Malam Sani: Ni fa ba na son a cire addini daga makaranta, da allo na fara karatu.

Bulus: Ni ma haka. A tambayi uban yaro kawai.

Hadiza: To Malam, me ka ce wa ƙanwar taka?

Malam Sani: Na ce ta bar Facebook, ta sami hedimasta ranar Litinin. Tare za mu je.