Jan Ƙarfe a Bakin Ƙofa: Lacca Kan Kayan da Ke Kashe Ƙwayar Cuta

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayenmu, 'yan'uwa ma'aikatan lafiya da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Kun ga abin nan a hannuna? Mariƙin ƙofa ne na jan ƙarfe, a Panteka na sa aka ƙera mini shi. Wannan ɗayan kuma na silba ne, wato farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, irin wanda ya cika ƙofofin asibitocinmu. Ku miƙa su baya, kowa ya taɓa. Na silbar sai ƙyalli yake, na jan ƙarfen kuwa ya dushe har ya soma baƙi. Da za a ce ku nuna mai tsabta, na san wanda za ku nuna. To ido ya yaudare ku.

A watan Maris na 2020, watan da aka kulle mu a gida a nan Kaduna, masu bincike a Amurka suka ɗiga ƙwayar korona a kan abubuwa daban-daban, suka zuba ido. A kan roba da silba ta kai kwana 3 da ranta. A kan kwali, kwana 1. A kan jan ƙarfe kuwa, bayan awa 4 ba su samu mai rai ba.

Me ya sa? Jan ƙarfe ba zaman banza yake yi ba. Da zarar gumin hannu ko ɗigon yawu ya sauka a kansa, sai ya saki wasu 'yan mitsi-mitsin ɓurɓushinsa masu ɗauke da caji. Su ne ke yaga rigar da ta lulluɓe ƙwayar, su kutsa ciki, su daddatse sinadarin gadon da take hayayyafa da shi. Ba ya barci, ba ya tafiya hutu, ba ya jiran a kawo wuta. Dushewar nan ma ba ta hana shi aiki. Farfesa Bill Keevil na Jami'ar Southampton a Ingila ya daɗe yana gwada wannan, har a kan norobairas mai sa amai da gudawa, wadda taurin kanta ya fi na korona.

Tun 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fara amincewa da gamin jan ƙarfe wajen kashe bakteriya, har ta kai ga wanda ke da aƙalla kashi 60 na jan ƙarfe. Tagulla, wato gamin jan ƙarfe da tutiya, ta shiga ciki. Amma da aka zo kan korona a 2021, sai ta ce sai wanda ya kai kashi 95.6.

Yanzu ga inda nake so ku kasa kunne, don kada wani ya fita ya ce Malam ya samo maganin annoba. Korona ta numfashi ta fi yaɗuwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta a 2021 cewa haɗarin kamuwa daga taɓa wuri mai ƙwayar bai kai 1 cikin 10,000 ba. Inda hannu ke yi mana ɓarna shi ne gudawar yara da danginta. Ku tuna kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B na iya yin kwana 7 a busasshen jini. Ku kwatanta ɗakin yara a asibiti: uwa ta canza wa ɗanta ƙunzugu, ta murɗa kan famfo, ta dafa ƙarfen gado, wata uwar ta biyo bayanta. Nan ne gurbin jan ƙarfe.

Akwai kuma kayan kashe ƙwayar cuta na feshi da na shafawa. Mai azurfa sai da danshi yake aiki sosai. Mai taitaniyam, wanda Fujishima da Honda suka gano sirrinsa a Japan a 1972, haske yake buƙata, a ɗaki mai duhu ƙarfinsa kaɗan ne. Wani ya taɓa zuwa wata makaranta da nake kula da lafiyar ɗalibanta, da jarka a hannu, wai feshi ɗaya ya isa shekara. Na ce ina lambar NAFDAC, ina takardar gwaji, bayan goge nawa yake kankarewa? Ya ce zai dawo. Har yau. Abin ya ƙona mini rai, don an riga an soma karɓar kuɗin iyaye.

Wata Hajiya ta turo tambaya a takarda, wai yaya ake kula da jan ƙarfen. Hajiya, abu biyu. Kada a yi masa fenti, kada a shafa masa man ƙyalli, don duk abin da ya shiga tsakaninsa da hannu ya kashe aikin. Sannan a riƙa goge shi da ruwa da sabulu kamar kowane wuri. Ƙurar hunturu da maiƙon hannu in suka yi kauri, ƙwayar a kansu za ta zauna, ba a kan ƙarfen ba.

Tsada kuwa, akwai ta, shi ya sa ban ce a sauya komai ba. A fara da ƙofar bayi, kan famfo da ƙarfen gado. Maƙeranmu na Panteka za su iya naɗa sirirn falle a kan wanda ake da shi. Sai dai ku gaya musu su ɗaure shi da ƙusar da ba ta kwantuwa da sauƙi, don kun san kuɗin da jan ƙarfe ke yi a wurin 'yan jari-bola.

Wa ke riƙe da mariƙan nan? A dawo mini da su gaba.