Filifin da cinikin 'ya'yanta a kasuwar ƙwadago

Masu sauraro barkanmu da warhaka. Wata magana nake ta ji tana yawo har ta fara ba ni haushi, wai ƙasar Filifin ta gano sirrin arziki tunda a 2023 kaɗai 'ya'yanta masu ci-rani a waje sun aiko gida da kuɗi sama da dala biliyan 37. Haba jama'a, ku tambayi kuɗin nan daga ina ya fito mana. Gumin nas-nas ne a asibitocin Saudiyya, alhazanmu sun sha ganinsu, da 'yan aikatau a Hong Kong da Kuwait, da samari a jiragen ruwa da ke wata da watanni ba su taka ƙasa ba. Mu ma nan Arewa waɗanda suka yi sakandare a ƙarshen shekarun 1970 sun san malaman Filifin.

A 1974 shugaban ƙasar Ferdinand Marcos ya sa fitar da ma'aikata cikin dokar ƙwadago, aka ce na ɗan lokaci ne kafin a samar da aiki a gida, to ga shi shekara hamsin an wuce ana nan ana yi, kuma dalili ɗaya nake gani, gona. Tun zamanin mulkin Sifaniya gidaje ƙalilan suka mallake manyan gonakin rake da kwakwa da shinkafa, Amurka ta karɓi ƙasar a 1898 ta bar su yadda ta same su, aka ba da 'yanci a 1946 gonakin suna hannunsu, 'ya'yansu ne kuma suka cika majalisa. Koriya ta Kudu da Taiwan sun raba wa manoma gona wajejen 1950, manomi ya samu abin hannu ya sa ɗansa makaranta ya sayi kayan masana'antar gida. Filifin ba ta raba gona da gaske ba.

Za a ce ai an yi dokar rabon gona a 1988 zamanin Shugaba Corazon Aquino. An yi, amma ku dubi gonar danginta, Hacienda Luisita, sama da hekta 6,000, maimakon a ba ma'aikata fili sai aka ba su takardar hannun jari, da suka shiga yajin aiki a Nuwamban 2004 aka harbe mutum bakwai a bakin ƙofa, sai a 2012 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin ƙarshe cewa a raba. Shekara 24 kenan a kan gona guda, ta gidan wadda ta sa hannu a dokar!

Masu kare tsarin suna cewa kuɗin ci-rani na biyan kuɗin makaranta da magani. Ban musa ba, kuma ban san yadda iyalai da yawa za su ci abinci ba in ya tsaya gobe. Amma wa ke renon yaron da uwarsa ke renon ɗan wani a Singafo? A can aka rataye 'yar aikatau 'yar Filifin Flor Contemplacion a 1995, a 2018 aka tsinci gawar wata 'yar aikatau, Joanna Demafelis, cikin firiza a Kuwait, gwamnatin Filifin kuma a 2022 ta buɗe ma'aikata guda sukutum ta masu ci-rani, wato fitar da mutane ta zama sana'ar hukuma ta dindindin, gonar kuwa ana ta jan ƙafa a kanta.

Abin da ya fi ci min rai wallahi shi ne shinkafa. A garin Los Baños na Filifin aka kafa cibiyar binciken shinkafa ta duniya a 1960, daga nan irin shinkafa na IR8 ya fita a 1966 ya cika rumbunan Asiya, yau Filifin tana sahun gaba a duniya wajen sayo shinkafa daga waje, akasari daga Biyetnam, ɗan manomin da ya kamata ya noma ta yana can yana wanke bene a jirgin ruwan wani.