Yaron da ba ya iya ƙarya, shi ne ɗan sanda

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Yamai. Yau littattafan bincike za mu taɓa, irin waɗanda ake kashe wani ko wani ya ɓace a bi sawu, amma waɗanda mai binciken yana da otizim, abin da wasu ke ce ma galahanga, ko dai ƙwaƙwalwarshi tana aiki ta wata hanya daban da ta sauran mutane.

Mu fara da wanda ya fi suna. A 2003 wani Bature ɗan Ingila, Mark Haddon, ya fitar da The Curious Incident of the Dog in the Night-Time, mu da muka yi lakwal da Faransanci za mu same shi da sunan Le Bizarre Incident du chien pendant la nuit. Yaro ne Christopher, shekara 15, a garin Swindon, cikin dare ya tarar da karen maƙwabciyarsu an soke shi da abin aikin lambu, ya ce sai ya gano wa ya yi. To yaron nan ba ya son a taɓa shi, ɗan sanda ya kama hannunshi kawai ya kai mishi bugu, ya ƙi jinin launin ruwan ƙwai, surorin littafin ma ba 1, 2, 3 ba ne, 2, 3, 5, 7, 11 ne, lambobin da ba su rabuwa, don su yake so. Kuma in za shi lakwal ya ga jajayen motoci 4 a jere, ya ce yau ranar kirki ce. Ni dai na ce da a gadar Kennedy yake tsaye yana ƙirga taksinmu masu jan kai, ai da kullum sallah.

Amma ga inda daɗin yake, ku saurara da kyau. Labarin bincike gaba ɗayanshi a kan ƙarya yake tsaye, kowa yana ɓoye wani abu. Sai aka ba ka mai ba da labari wanda shi ba ya ƙarya, kuma ba ya iya karanta fuska, sai da malamarshi ta riƙa zana mishi fuskoki a takarda, wannan murna wannan fushi. Babba zai yi mishi magana murya na rawa ido ya yi ja, shi zai gaya maka kalar rigar mutumin da ƙarfe nawa ne daidai, kai mai karatu kuma gabanka ya riga ya faɗi don ka gane akwai wata a ƙasa. Can gaba kuma abin ya juya, wani ɗan ƙaramin abu da ka tsallake shi ya riƙe. Wato ku biyu kuke binciken, kowa da makantarshi. Wa ya kashe karen? Wallahi ba ku ji a bakina.

Sunan littafin ma aro ne daga wani labarin Sherlock Holmes, shahararren mai binciken nan na littattafan Turawa, na 1892, inda aka fitar da doki cikin dare kare bai yi haushi ba, don ya san mai fitarwar.

Akwai na yara, The London Eye Mystery na Siobhan Dowd, 2007. Wani yaro Salim ya shiga babban lilon nan na Landan, minti 30 ya zagayo, kowa ya fito ban da shi. Ɗan'uwanshi Ted, wanda ba shi da zance sai na gajimare da iska, shi ya zauna ya jera duk yadda abin zai yiwu yana soke su ɗaya ɗaya. Sai Motherless Brooklyn na Jonathan Lethem, 1999, mai binciken nan kuma ciwon Tourette gare shi, kalmomi na kuɓuce mishi ba da sonshi ba, ka yi tunanin mai bin sawun mutane a ɓoye da irin wannan baki.

Inda ni nake da ja, littattafan nan sun cika maida yaran kamar kwamfuta, sai lissafi sai baiwa. Haddon da kanshi ya ce shi ba masani ba ne kan otizim, kalmar ma ba ta cikin labarin, kuma masu otizim da dama sun ce ba su ga kansu a ciki ba. Da yawansu ba su da wata baiwar ban mamaki, wasu ma ba su magana sam. A unguwarmu akwai wani yaro, da wuta ta ɗauke aka tada gurup sai ya toshe kunne yana jijjiga jiki, mutane na cewa iskoki ne, an kai shi wajen malamai ya fi a ƙirga. Ba ya ce ma kowa uffan, amma ran da aka canza ma shagon kwana fenti kwana 3 ya ƙi bin layin.

Wanda ya karanta na karen, ya riƙe sirrin don Allah, kar a ɓata ma saura.